Kujera Mai Hannu

Ni ne magatakarda, ni na riƙe biro,
ku ji daga bakin wanda ya zauna kusa.

Ruwan Agusta ya kwana uku a ƙasar Malumfashi.
Kwazazzabon bayan Unguwar Nomau ya buɗe baki,
ya ci gonar gyaɗa, ya ci turba,
ya miƙo harshe wajen maƙabartarmu.
Can namu suke kwance gaba ɗaya,
ɗan Katolika kafaɗa da kafaɗa da ɗan Baftis,
'yar Angalika da 'yar Ikwa a inuwar marke guda,
ba wanda ya taɓa tashi ya ce a matsa masa.

Muka kira taro a ajin firamare,
kada a ce majami'ar wane aka fifita.
Benci shida, allo, da kujera ɗaya mai hannu,
ta hedimasta.
A kanta rana ta faɗi.

Fada Korau ya ce tasu ce uwa, ta riga kowa zuwa duniya.
Rabaran Tanimu ya ce a ƙirga kawuna ran Lahadi.
Fasto Dikko bai ce uffan ba,
ya dai ɗora Littafinsa a kan kujerar
kamar mai kama wuri a motar Funtuwa.
Na rubuta: An buɗe da addu'a.
Na jira, na jira.
Na rubuta: An rufe da addu'a.
Ita ma sai da aka ja kan wa zai yi.

Asabar ta biyu aka kafa kwamiti.
Kafin ta uku ƙasa ta zame da dare,
gicciyen Baba Ɗanjimma ya karkata
kamar tsoho mai son jin me ake faɗa.

Muna ciki, muna kan batun kujera,
sai taga ta nuna mana Inna Damaris,
gammo a ka, tsohon daro cike da duwatsu.
A wata majami'a aka yi mata baftisma,
a wata aka ɗaura mata aure,
'ya'yanta uku sun rabu gida uku,
mijinta kuwa shi ne mai gicciyen nan.
Ba ta kalle mu ba.
Ta juye, ta koma.
Ta juye, ta koma.

Sai ga zumuntar mata, kowa da zanen ƙungiyarta,
shuɗi, rawaya, mai ruwan ƙasa,
kamar an shanya wanki a igiya ɗaya.
Sai ga Malam Ilu, ladanin unguwar gabas,
da shanunsa biyu da amalanke.
Ya ce, "Shekarar fari, Ɗanjimma ya ba ni irin dawa."
Bai ƙara ba, ya hau lodi.

Kunya ta shigo ajin ba sallama.
Fada ya tuɓe farar riga, ya rataye a ƙusa.
Rabaran ya naɗe wando.
Fasto ya ɗauke Littafinsa.
Dutse ya bi hannu, hannu ya miƙa wa hannu,
ba dutsen da ya tsaya tambayar ɗariƙa.

Da la'asar gwiwar Inna ta ƙi.
Wani yaro ya ruga aji,
ya dawo da kujerar a ka.
Ta zauna, ta dafa hannayenta biyu,
tana fifita da bakin zane:
"Fada, buhun nan ya karkace.
Rabaran, bar surutu, kawo yashi."
Suka ce, "To, Inna."

Har gobe ba mu daidaita ba
kan yayyafa ruwa ko nutsarwa a rafi,
ran Lahadi kowa na bin ƙararrawarsa.
Amma katanga ta tsaya, damina biyu ke nan.

Littafin taro na nan a akwatina.
Gurbin sunan shugaba fari fat.
Gefensa akwai tabon jar laka,
sawun babban yatsana.